Kashin shanu da garin katako, da su muke gyara ruwa

'Yan unguwarmu a Aboabo, nan Kumasi ta Ghana, in sun ga motarmu a mahautar Kaase ana loda kashin shanu, daga nan mun wuce Sokoban mun kwaso garin katako, sai su ɗauka taki nake sayarwa. Ruwa muke gyarawa, ni da yarana biyar.

Duwatsun da ake haƙowa wajen neman zinari, irin na ɓangaren Obuasi da Prestea, akwai farar wuta a cikinsu, masana suna ce musu farait da asenofarait. Suna ƙarƙashin ƙasa lafiya lau, amma da an jibge su a fili iska da ruwan sama suka same su shikenan, ruwan da ke tsiyayowa sai ya yi tsami, pH ɗinsa (ma'aunin tsami ne, yana sauka tsami na ƙaruwa) ya faɗo 3 ko ƙasa, ya narko da ƙarfe da gubar asenik ya gangara rafi jawur kamar tsatsa. Asenik kuwa hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce maikrogiram 10 a litar ruwan sha, abin da ido ma ba ya gani.

Mukan haƙa rami mu shimfiɗa leda mai kauri, mu zuba dutsen laim da kashin shanun da garin katakon a cakuɗe, ruwan ya riƙa ratsawa a hankali. Akwai ƙwayoyin bakteriya a kashin shanu da ba sa son iska, su ne ma'aikatan na gaskiya, suna cin abin da ya ruɓe suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita ke kama ƙarafan ta kwantar da su ƙasa su zama baƙin laka, tsamin ma ya ragu. Wallahi ranar da na ji warin nan hankalina ke kwanciya don na san rami ya tashi. Daga nan ruwan ya wuce tafki na biyu inda muka dasa kachalla da jema.

Sai dai aikin yana son haƙuri, makonni ake yi kafin ƙwayoyin su kankama, mai wuri kuma gobe gobe yake so.

Akwai wani bawan Allah da ya kira ni kan ramin galamse, wato haƙar zinari ta bayan fage, na ce Alhaji sai an kai ruwan lab tukuna, ya ga kamar kuɗi nake son ƙara mishi. To ai inda aka wanke zinari da zaiba waɗannan ƙwayoyin da kansu ke juya zaibar ta zama wadda ta fi dafi, ta shige jikin kifi, kifin ya zo kasuwa yaranmu su ci. Bai yarda da gwajin ba, na bar mishi aikinsa duk da a watan ina neman na albashi.

Baƙin lakan ma ba a kwashe shi a watsar a fili, iska na taɓa shi tsamin zai dawo sabo. Shi ya sa tun kafin mu sa shebur a ƙasa nake tambayar mai wuri inda za a binne shi, a rubuta a takarda ya sa hannu.