Kwatan Inci a Agege

Ranar da na fara zama a kan keken ɗinki a Agege, mai shagon ya miƙo mini shadda ya ce in fitar masa da hannun riga mai faɗin inci 14, sai na tsaya ina jujjuya tef ɗin awo a hannuna, alhali na shafe shekara tara ina ɗinki a Damagaram. A wajenmu da santimita ake koyon sana'a, da ita ake rubuta awon mutum a littafi, ita ce kuma ta zauna a idona har nakan kalli ƙyalle in faɗi tsawonsa ban gwada ba. A Nijeriya kuwa inci da yadi ne ke aiki. Dattijon bai yi mini dariya ba. Ya karɓi tef ɗin ya juya mini bayansa, ya ce, "Ɗana, ga namu nan, ga naku a ɗaya gefen, ai duk tef ɗaya ne." Da daddare na ɗauki alli na rubuta a bangon ɗakin da muke kwana cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya kuma inci 36, wato santimita 91 da 'yan kai. Na yi wata uku ina lissafi a zuci kafin in sa almakashi, sannan idona ya saba.

Na zo Ikko shekara biyu kafin a rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019. Ta Matamaye na biyo, na ƙetara a Kwangwalam, na wuce Daura zuwa Kano, daga nan muka kwana a mota muna cin tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,000. Ba a nemi biza a hannuna ba, saboda yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda mu a gida muka fi sani da CEDEAO. A wurin kawuna na sauka. Hausawan Agege ba baƙi ba ne a nan, domin fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa ne suka kawo kakanninsu, kuma da yawa daga cikinsu suna jin Yarbanci kamar yadda suke jin Hausa. Da na buɗe baki sukan gane daga inda na fito, musamman idan na yi kuskuren lissafa kuɗi da dala da jaka. Shekarar farko a kafaɗa na ɗauki keken hannu, ina zagaya unguwanni ina kaɗa almakashi don a san mai gyara ya zo. Yarbawa suna da sunan da suke kiranmu da shi, wanda ma'anarsa ita ce kafaɗa ce shago. Facin wando da rage ƙugu da sauya zif ne suka ciyar da ni har wancan dattijo ya ga hannuna ya ba ni keke a shagonsa.

A can na lura da abin da ake zubarwa. Telolin Ikko suna cika buhu da ragowar ƙyalle duk mako, musamman idan an yi ankon biki, inda mata talatin za su kawo atamfa iri ɗaya kowacce ta bar guntu. Duk lokacin da na ga an ɗaure buhun za a kai bola sai in tuna kakana, wanda idan Sallah ta gabato akan kawo masa lifidin dawakin da za su yi hawa a Birnin Damagaram don ya gyara. Lifidi rufi uku ne: yadin sama, wanda sau da yawa guntaye ne masu launi daban-daban aka haɗa, da audugar rimi a tsakiya, da yadin ƙasa, sannan a bi su da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Ina yaro nakan riƙe masa gefe ɗaya yana ja. Na roƙi maigida ya bar mini ƙyallayen, na yayyanka su murabba'i, na haɗa bargo irin wannan don kaina. Da na shimfiɗa shi a ƙasa sai ya ƙi kwanciya. Tsakiyarsa ta tashi kamar faifai, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan taƙi, kusurwoyin kuma babu wadda ta haɗu da 'yar'uwarta.

Wannan bargon ne ya sanar da ni cewa ban iya miƙaƙƙen ɗinki ba tukuna. A riga, idan layi ya kauce kaɗan, jikin mutum da faɗin rigar sukan ɓoye shi. A bargon haɗi, kamar yadda muke kiransa a shagona, kowane kuskure ana tara shi ne. Abin da masu wannan aiki suke bari tsakanin bakin yadi da allura shi ne kwatan inci, wato milimita 6 da ɗan ɗori. Idan hannunka ya zurfafa da milimita ɗaya tak, to milimita biyu ka ci, domin ƙyalle biyu kake haɗawa, kuma idan jeri ɗaya yana da mahaɗa 20, ka rasa santimita 4 ke nan kafin ka kai ƙarshe. Jerin da ke binsa kuwa wataƙila a nan hannun ya sassauta, sai ya fito da tsawo. Ranar da za a haɗa su biyun, mutum zai ga kansa yana jan gajeren yana cusa dogon, daga nan ne tattara da kumburi suke samo asali.

Gyaran farko da na yi shi ne na daina kallon allura. Allura tana hawa da sauka ne a wuri ɗaya, babu abin da za ta nuna maka. Bakin yadin ake kallo tun yana nesa da allurar da kamar yatsa biyu. Na auna kwatan inci daga allura zuwa dama, na manna tef mai gam ninki huɗu a kan farantin keken har ya yi ɗan tudu, ya zama shinge da yadin ke gogawa yana wucewa. Na biyu shi ne na daina ja. Haƙoran da ke ƙarƙashin faranti su ne ke tafiya da yadi, kuma sun fi jan na ƙasa da sauri fiye da na sama, wanda ƙafar keke ke dannewa. Tela mai gaggawa yakan kama yadin ta baya yana taya keken ja, sai layin ya karkace, wani lokaci har allura ta karye. Aikin hannu shi ne ya daidaita kawai, a hankali, kamar mai kora ruwa a fadama. Idan kuma dogayen jeri zan haɗa, na farko daga sama nake farawa, na biyu daga ƙasa, ina sauyawa haka, don kada duk bargon ya lanƙwashe gefe guda kamar lauje.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun kafin a kai ga keke. Yadi yana da hanyar da zarensa ya bi, kuma idan aka yanka shi a karkace yakan miƙe a hannu ko da ba a ja shi ba, saboda haka nake bin zare wajen yanka. Guga ma rabin aiki ce. Kowace mahaɗa sai an kwantar da bakinta gefe ɗaya, na jerin farko dama, na biyu hagu, ta yadda idan sun haɗu sai su cije juna, kusurwa ta faɗa kan kusurwa. Dutsen guga ɗora shi ake yi a ɗaga, ba a tura shi, in ba haka ba murabba'in ya tashi daga murabba'i. A ganina, tela da ya raina guga bai kamata a ba shi wannan aiki ba, ko da kuwa ya fi kowa iya aikin wuyan riga.

Bayan an buɗe iyaka a ƙarshen 2020 na je gida na ga mahaifiyata, na dawo na kama ɗan shago na kaina da keke biyu. 'Yan'uwa sun tambaye ni wa zai sayi bargo a garin da ake kwana ana gumi. Masu saye suna nan. Akwai iyayen amare da ke son shimfiɗar gado wadda ba irin ta kowa ba, akwai masu kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, akwai direbobin manyan motoci da ke hawa Arewa lokacin hunturu, akwai kuma waɗanda ke kawo zannuwan mahaifiyarsu da ta rasu su ce a haɗa musu abin da za su riƙa gani. Wannan na ƙarshen shi na fi taka-tsantsan da shi, domin tsohon zane ya riga ya yi laushi, kuma idan ka ɓata shi babu kasuwar da za ka je ka samo wani. Audugar rimi kuwa dole na haƙura da ita. Danshin Ikko, musamman a watannin Yuni da Yuli, yakan sa ta yi wari idan an wanke ba ta bushe da wuri ba, shi ya sa nake amfani da audugar roba da ake sayarwa a naɗe. Yadin baya kuma a kasuwar Balogun nake sayowa turmi-turmi.

Sai dai mai shago ba zai rayu da bargo kaɗai ba. Kaftani da wando da kayan makaranta su ne ke biyan haya da abincin yara, kuma suna zuwa da ranarsu a hannu. Bargo ɗaya na gadon aure yakan ci mini kwana goma ko fiye, yana kuma cinye tebur gaba ɗaya idan aka zo shimfiɗa rufi ukun. Wata shekara a cikin Sha'aban na karɓi guda huɗu a lokaci ɗaya, na amshi kuɗin kafin alƙawari a kan kowanne, ga azumi ya shigo da ɗinkin Sallah. Ɗaya daga ciki na wata Hajiya ce da za ta aurar da 'yarta bayan Sallah da mako guda. Don in rage lokaci sai na tsallake wankin atamfar kafin yanka, abin da na san bai kamata ba, tunda sabuwar atamfa tana tsukewa idan ta sha ruwa, wata kuma tana zuba. Na kai aiki a kan kari, kowa ya yaba. Bayan wata ɗaya Hajiyar ta shigo da shi a leda, ta shimfiɗa a kan teburina. Jan ya malala cikin farin, mahaɗun sun tattare kamar bakin jakar fata. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, don an ce mini kai ba ka yin alƙawarin tela shi ya sa na zo wurinka. Da ka ce mini ba zai samu ba, ai da na jira." Na ce, "Hajiya, laifina ne, ki ba ni mako uku." Na sake sayen yadi da kuɗina na yi mata wani, kuma har yau na ajiye wancan a ƙarƙashin tebur, nakan fito da shi in nuna wa duk yaron da ya zo koyon aiki.

Tun daga nan ba na barin bargo ya wuce uku a shagon, kuma ba na yarda biyu su kasance a mataki ɗaya. Idan ɗaya yana wurin yanka, to ɗayan yana keke ana haɗa jerinsa, na ukun kuma yana kan tebur. Kowanne da jakarsa, an maƙala mata takarda mai ɗauke da awon gadon da ranar karɓa da zanen yadda launuka za su jeru, domin na taɓa ganin yadda guntayen aiki biyu suka cakuɗe muka kwana muna tsincewa. Yanka da safe nake yi, lokacin da haske ke shigowa ta ƙofa kuma kaina bai ɗauki hayaniyar titi ba. Haɗa rufi ukun kuwa ba na ba kowa. Nakan shimfiɗa yadin baya in miƙar da shi, in ɗora auduga, in ɗora na sama, in riƙe su da manyan ɗinkin hannu, sannan in fara bi da keke daga tsakiya ina fita waje, don duk wani rarar yadi ya gudu zuwa baki inda almakashi zai same shi. Daga tsakiyar Sha'aban kuma nakan rufe karɓar bargo sai bayan Sallah, ko nawa aka ce za a biya.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, na kashe janareta na koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi a duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ban yi baƙin ciki sosai ba, domin a wajen miƙaƙƙen layi keken ƙafa ya fi biyayya, ƙafarka ce ke ba shi gudu. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da nake aikawa gida, wanda idan aka juya shi zuwa sefa yanzu ba ya kai abin da yake kaiwa a da, da kuma rufe iyakar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wadda ta hana ni zuwa ganin gida har aka buɗe ta a watan Maris na 2024. Da Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025 mun zauna a masallaci muna tambayar juna yadda takardunmu za su kasance, sai aka sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin da muke da su, hankalinmu ya ɗan kwanta.

Watan jiya ɗan ƙanwata ya iso daga Magarya. Na zaunar da shi a kan keke babu zare, na ba shi takardar littafi mai layi, na ce ya bi layukan da allura har ramukan su miƙe. Ya cika shafi goma sha biyu kafin in ba shi ƙyalle. Jiya da la'asar ya kawo mini jerinsa na farko, murabba'i takwas, na ɗora tef a kai na ga ya gaza da rabin inci. Ya ce, "Kawu, rabin inci nawa ne a namu?" Na juya masa bayan tef ɗin ya duba da kansa, sannan na miƙa masa reza ya fara farkewa daga mahaɗa ta uku, inda hannunsa ya fara zurfafa.