Whistler ɗina na bogi

A shekarata ta uku a Filadelfiya ta Amurka na fara shiga gidajen da ake gwanjon kayan mamata. A nan idan tsoho ya rasu, magada kan buɗe gidan ranar Asabar, a liƙa wa komai farashi, tun daga kujera har cokali. Tukwane uwargida ta aike ni nema. Na dawo da tukunya ɗaya da wani hoto a firem mai ƙura: bakin kogi, jiragen ruwa sun yi cincirindo, tsofaffin gidaje sun jingina da juna kamar masu gyangyaɗi. Can ƙasa an rubuta Whistler, sunan wani shahararren mai zane. Dala 85 na biya, ina tafe ina jin kamar na tsinci dami a kala.

Uwargida ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Maigida, wannan ko launi babu. Tukunya nawa ke nan?"

Bayan mako biyu na kai shi shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin zane-zane. Bai ko ciro shi daga firem ba. Ya ɗora ɗan gilashin nan irin na masu gyaran agogo, ya leƙa, sannan ya miƙo min. Abin da nake gani layi ne da ido, ashe ɗigo-ɗigo ne a jere reras, irin na hoton jarida. Daga littafi aka yanko shi. Firem ɗin ma ya fi hoton daraja.

Maimakon ya sallame ni, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da na gaske, ya ce in duba gefensa. Akwai wani kwarmi mai kusurwa huɗu da ya kewaye zanen, shatin farantin jan ƙarfe ke nan. Yadda ake aikin: a shafe farantin da wani irin kaki, mai zane ya bi da allura yana kankare kakin, sai a tsoma cikin asid. Inda allura ta bi nan asid zai ci, ya bar rami siriri. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a bi ta cikin injin matsi. Ƙarfin matsin ne ke zaƙulo tawadar, shi ya sa a gilashi za ka ga layin ya ɗan taso a kan takarda kamar jijiya. Kuma komai a juye yake fita, dama ta koma hagu. Ya gargaɗe ni kada in dogara da kwarmin kaɗai, domin akwai kwafin da ake yi ta hanyar hoto a kan faranti, shi ma yana barin shati. Layin ake dubawa.

Daga ranar na kamu. Na karanta labarin mutumin da aka cuce ni da sunansa, ko in ce na cuci kaina, tunda magadan nan ba su ce min komai ba. An haifi James McNeill Whistler a Lowell ta jihar Massachusetts a 1834. An kore shi daga makarantar soja ta West Point a 1854 saboda ya faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai, sai ga shi ya ƙare rayuwarsa yana wasa da asid. A ofishin gwamnati mai zana taswirar gaɓar teku, a Washington, ya koyi sassaƙa faranti. Zanen bakin Kogin Thames da na sayi kwafinsa na cikin jerin guda 16 da aka fitar a Landan a 1871. Na gaskensu ba sa'an aljihuna ba ne, kuma na haƙura.

Abin da ya buɗe min ƙofa shi ne gano cewa ba shi kaɗai ba ne. A 1877 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a New York, a 1880 aka kafa ta Filadelfiya, kuma cikin shekaru goman da suka biyo baya abin ya zama yayi, kowane falon mai hali sai ka ga an rataye. Wata mujalla ta Boston, American Art Review, wadda Sylvester Koehler ya yi wa edita daga 1879 zuwa 1881, tana saka zanen gaske da aka buga daga faranti a tsakanin shafukanta. Da yake an buga da yawa, har yau talaka irina na iya samu. Haka na mallaki zanen wani Stephen Parrish, ɗan Filadelfiya, mai son zana tashoshin masunta na gaɓar New England, a arewa maso gabashin Amurka.

Amma wadda ta fi kwanta min a rai ita ce Mary Nimmo Moran. A Scotland aka haife ta a 1842, ta girma a gefen Filadelfiya, ta auri Thomas Moran, wanda zanensa na gandun dajin Yellowstone ya yi suna. Sai a 1879 ta fara taɓa faranti, tana da 'ya'ya uku. Takan ɗauki farantin ta fita da shi waje, ta zauna gaban tafki ko bishiya ta zana kai tsaye. Hannunta ba ya rawa, layinta mai kauri ne, asid ya ci sosai. Tana sa hannu da "M. Nimmo Moran", har wasu suka ɗauka namiji ne. A 1881 ƙungiyar masu zanen faranti ta Landan ta karɓe ta. Zazzaɓin taifot ya kashe ta a 1899, bayan ta yi jinyar 'yarta da ta kamu da shi. Zanenta da na mallaka ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba: ruwa kwance, ciyayi, sararin sama ya haɗa hadari, a yankin East Hampton na jihar New York inda suke zama. A ganina ta fi mijinta iya baƙi da fari, duk da na san masana za su harare ni.

Ranar da na kawo shi gida na yi abin da dattijon ya koya min, na ɗaga takardar saitin taga. Sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ɗaga warƙar tsohon littafinsa na hannu a zaure, yana nuna mana jinjirin wata uku da ke ɓoye a cikin takardar. Daga baya na san daga Italiya irin wannan takarda take zuwa ƙasar Hausa. Shi ma da ita yake gane tsohon kwafi da sabo. Na daɗe a tsaye gaban tagar nan.

Yanzu ina da guda 11. Biyu suna da ɗigon tsatsa da danshi ke jawowa, ɗaya kuma tsohon kwalin da aka kewaye shi da shi ya ƙona masa gefe ya yi ruwan ƙasa. Na canja musu kwali zuwa marar asid, na raba su da bangon da rana ke duka. Akwai kuma shafi ɗaya na mujallar Harper's Weekly mai zanen Winslow Homer, wanda shi a katako aka sassaƙa, ba shi da kwarmi, bayansa cike da rubutun jarida. Mai neman farawa da kuɗi kaɗan, nan ne wuri mai sauƙi.

Na bogin yana rataye a hanyar kicin, uwargida ta hana a cire. Duk Asabar da ta ga na zura gilashin a aljihu, sai ta nuna shi da haɓa ta ce, "Baban yara, a dai leƙa kafin a biya." Tukwanen kuwa ita take zuwa sayensu da kanta.