Xuanwei, Garin da Hayaƙin Murhu Ke Cin Mata

Bayan na kammala sayen kaya a birnin Gwanzu (Guangzhou), wani ɗan unguwarmu da ke karatun likita a Kunming, babban birnin lardin Yunnan na ƙasar Sin, ya matsa mini in same shi, domin ya kai ni garin da malamansu ke yawan ambata idan ana maganar kansar huhu. Garin shi ne Xuanwei, a arewa maso gabashin lardin, kan tuddai masu tsayin kusan mita 2,000. Kuɗin jirgin ƙasa ya yi mini tsada da na lissafa shi a naira, amma jirgin ya tashi a kan lokaci. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wani jami'i a tasha da ya riƙe fasfona yana juyawa, yana yi mini tsawa da harshen da ba na ji, alhali a wurinmu baƙo ko ya yi laifi sai an gaishe shi tukuna.

Sanyin Xuanwei ya wuce na Jos nesa ba kusa ba, dole na sayi rigar sanyi, muka yi ciniki da mai shago ta na'urar lissafi har ta sauko ƙasa da rabin kuɗin da ta fara yankawa. Abinci kuma ya so ya gagare mu, domin garin ya yi suna ne da busasshen naman alade. Allah Ya haɗa mu da wani dattijo Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai sayar da taliya da naman sa, wanda ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya haɗa mu da ɗansa ya raka mu ƙauyen kakanninsu.

A can na ga tsohon gida da rami a tsakiyar ɗaki, inda ake hura kwal domin girki da jin ɗumi, babu bututun fitar da hayaƙi, bango da rufi sun yi baƙi ƙirin. Tun binciken mace-macen cutar kansa da aka yi a faɗin ƙasar Sin daga 1973 zuwa 1975 aka gano cewa yankin nan yana cikin wuraren da kansar huhu ta fi kisa. Abin da ya girgiza ni shi ne matan wurin kusan duk ba sa shan taba, mazan ne ke zuƙarta ta doguwar gora, amma cutar tana kama matan kusan yadda take kama mazan, saboda su ke yini a bakin wuta.

Abokina ya bayyana mini cewa cutar tana bin irin kwal ɗin da kowane ƙauye ke haƙa. Masu ƙona kwal mai hayaƙi, musamman na ramukan Laibin, wani yanki na Xuanwei, su suka fi mutuwa, masu ƙona kwal marar hayaƙi ko itace kuwa abin ya zo musu da sauƙi ƙwarai, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Kwal ɗin ya kai shekara miliyan 250 a ƙarƙashin ƙasa, yana ɗauke da garin dutse mai laushi da sinadaran da ke haddasa cutar kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa waɗanda suka koma murhu mai bututu haɗarinsu ya ragu da kusan rabi, kuma a 2006 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin kwal na cikin gida cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Ina tsaye a ɗakin nan, iyayenmu mata nake tunawa a madafa marar taga, suna fifita ɗanyen itace da damina, wasu ma da leda suke kunna wutar, ga janareta yana tuƙa hayaƙi a zaure. Itace bai kai kwal ɗin Xuanwei sharri ba, amma hukumar nan ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai shi ma yana jawo kansa. A ganina, maigidan da ya iya gina falo bai da uzurin barin matarsa a madafar da hayaƙi ba ya fita, kuma ya kamata likitocinmu su riƙa tambayar mace mai dogon tari da me take girki, kafin a ce tarin fuka ne a sallame ta.

Daga nan muka gangara kudu zuwa Gejiu, garin kuza, inda iskar radon da gubar asenik na cikin rami suka daɗe suna jefa mahaƙa cikin wannan cuta. Muka yi sallar Juma'a a babban masallacin Shadian da ke kusa, sannan na koma Gwanzu na tarar an loda kayana.