Ashe Zuciya Ma Tana Aika Saƙo

Jiya na raka Hajiyarmu awon hawan jini. Likita ya sake cewa ta rage gishiri da dunƙulen miya. A mota sai mita take yi, wai an mayar mata da miyar kuka kamar ta marasa lafiya.

Da dare na buɗe littafin karatuna, sai na ci karo da abin da na daɗe ina wucewa da gudu. Ni dai na ɗauka zuciya famfo ce kawai. Ashe idan jini ya yi yawa har ɗakunanta na sama suka miƙe, tana sakin wani sinadari, ANP, zuwa ƙoda, cewa a zubar da gishiri da ruwa. Adolfo de Bold ne ya gano shi a Kanada a 1981, bayan ya yi wa ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga zuciya, fitsari ya yi ta zuba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani sinadarin, dofamin. Kullum maganar ƙwaƙwalwa da jin daɗi ake yi da shi, alhali ƙoda tana haɗa nata daga wani sinadari mai suna L-DOPA. A gwajin ɓeraye, ANP yana sa ƙwayoyin ƙoda su ƙara jan dofamin ciki, sai ANP da dofamin su rage wa ɗan famfon ƙwayoyin ƙoda da ke mayar da gishiri cikin jini ƙarfi.

Da safe na yi wa Hajiya bayani. Ta ce, "To malam likita, miƙo mini yajin dai."