Yadda na haɗa manhajar Flask da PostgreSQL a kan Ubuntu, da wuraren da aikin ya cije

Manhajar da na ɗora ta gwaji ce: shafi ɗaya da mutum zai rubuta sunansa da unguwarsa, ya danna maɓalli, bayanin ya shiga tebur ɗaya a rumbun bayanai. Na sa mata suna rajista. Da Flask, kayan gina shafukan intanet na harshen Python, aka rubuta ta, PostgreSQL ne rumbun bayanan, kayan Python guda biyu kuma, SQLAlchemy da psycopg2, su ne ke yi mata magana da rumbun. Uwar garken kuma ta haya ce, Ubuntu 24.04, mai ƙwaƙwalwa (CPU) ɗaya da RAM gigabait 2. Wannan Ubuntu tana zuwa da PostgreSQL 16 da Python 3.12, kuma wannan lambar 16 tana da muhimmanci, domin da yawa daga bayanan koyarwa da ke intanet an rubuta su ne lokacin ana kan 12 ko 13, abubuwa kuwa sun canza.

Girka kayan bai ɗauki minti biyar ba: `apt install postgresql nginx python3-venv`. Abin lura kawai shi ne `systemctl status postgresql` ba ya gaya maka gaskiyar halin da rumbun yake ciki a Ubuntu, domin lema ce kawai a kan ainihin hidimar. Umarnin `pg_lsclusters` shi ne ke nuna siga, da ƙofa 5432, da ko yana kunne.

Na shiga psql, inda ake rubuta wa rumbun umarni, da `sudo -u postgres psql`, na buɗe wa manhajar asusunta da `CREATE ROLE mai_rajista LOGIN;`, sannan na sa kalmar sirri da `\password mai_rajista`. Na fi son wannan hanyar a kan rubuta kalmar a cikin umarnin kai tsaye, saboda ba ta barin kalmar a fili cikin tarihin psql. Manhaja ba ta da dalilin shiga da asusun postgres. Asusun nan shi ne mai gida, yana iya goge kowane rumbu, har ya gudanar da umarni a kan ita kanta uwar garken. Duk wanda ya samu ɓaraka a manhajar ya gaji ikon asusun da take amfani da shi.

Cijewar farko ta zo da na gwada `psql -U mai_rajista rajista`. Amsar ita ce `Peer authentication failed for user "mai_rajista"`, alhali ko kalmar sirrin ba a tambaye ni ba. Dalilin yana cikin `/etc/postgresql/16/main/pg_hba.conf`. Idan ba ka faɗi adireshi ba, psql yana bi ta soket na cikin na'ura, layin da ke kula da wannan hanyar kuwa yana cewa `peer`, wato sunanka na Linux dole ya zo daidai da sunan asusun rumbun. Da na ƙara `-h 127.0.0.1`, sai haɗin ya bi ta layin `host`, wanda ke kan `scram-sha-256`, ya nemi kalmar sirri, ya buɗe. Ban taɓa fayil ɗin ba ko kaɗan. Na sha ganin ana ba da shawarar a mayar da layin `trust` don a huta, kuma ina ganin wannan ita ce shawara mafi muni a wannan fanni, domin ma'anarta kowa ya shiga da kowane suna ba tambaya. Wanda zai gyara fayil ɗin kuma ya sani cewa daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi, layin farko da ya dace shi ake bi, ko da ya ƙi ka ba za a duba na ƙasa ba. Sabon layi da aka liƙa a can ƙarshe sau da yawa ba a ko isa gare shi.

Rumbun na fara ƙirƙirarsa da asusun postgres, na bi shi da `GRANT ALL PRIVILEGES ON DATABASE rajista TO mai_rajista;` kamar yadda aka saba a da. Da manhajar ta zo gina teburinta sai ta ci karo da `permission denied for schema public`. Tun daga PostgreSQL 15 aka cire wa kowa ikon ƙirƙirar tebur a cikin public, sashen da tebura ke zama idan ba a zaɓi wani ba, sai mai rumbun. Wancan izinin da na bayar na rumbun ne a dunƙule, bai sauka zuwa ciki ba. Maganin shi ne asusun manhajar ya zama mai rumbun tun farko.

Kafin in gyara wannan sai wata matsalar ta fito, kuma ita ce ta fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Na ba da izinin na wucin gadi, teburi ya ginu, na rubuta Fagge a gurbin unguwa, ya shiga lafiya. Na rubuta Ƙofar Mata, shafi ya faɗi da kuskure 500. A rahoto na ga `UnicodeEncodeError`, yana cewa tsarin ascii ba zai iya ɗaukar harafin ba. Da na buga `\l` a psql sai na ga rumbun yana kan `SQL_ASCII`. Uwar garken ta zo ba a saita mata harshe ba, PostgreSQL kuma daga nan yake ɗaukar tsarin haruffansa a lokacin girkawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu bait biyu ne a UTF-8, `SQL_ASCII` kuwa bait yake ƙirgawa, bai san harafi ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne `SELECT length('ƙofa');`. Idan ya ba ka 4, lafiya. A wurina 5 ya bayar. Haɗarin abin shi ne wanda ya yi gwaji da sunaye marasa lanƙwasa ba zai ga komai ba, sai ranar da wani Ɗanladi ya zo yin rajista.

Ba a canza tsarin haruffan rumbun da aka riga aka gina. Na goge shi, na sake, kuma umarni ɗaya ya kashe matsalolin biyu:

`CREATE DATABASE rajista OWNER mai_rajista ENCODING 'UTF8' LC_COLLATE 'C.UTF-8' LC_CTYPE 'C.UTF-8' TEMPLATE template0;`

Dole a ambaci template0, in ba haka ba zai kwafo template1 mai tsohon tsarin, ya ƙi. A rumbun gwaji gogewa ba komai ba ne. Da a ce an yi wata shida ana zuba bayanai, sai an fitar da su an tsabtace an mayar, aiki ne na yini.

Sai adireshin haɗi, layin da ke gaya wa manhajar asusu da kalmar sirri da na'urar da rumbun yake. Kalmar sirrin da na fara sawa tana da alamar @ a tsakiya, manhajar kuma ta dawo da `could not translate host name`, tana neman wata na'ura mai suna rabin kalmar sirrina haɗe da 127.0.0.1. A cikin irin wannan adireshi @ ce ke raba kalmar sirri da sunan na'ura. Ana iya rubuta ta a matsayin `%40`, amma na zaɓi sauya kalmar da abin da `openssl rand -hex 24` ya fitar, haruffa 48 marasa alamar da za ta rikita kowa. Farkon adireshin kuma `postgresql://` ne, SQLAlchemy ta daina karɓar `postgres://` tun siga 1.4. Na ajiye shi a `/etc/rajista.env`, mallakar root, da izini 600, nesa da lambar manhajar, don kada wata rana ya bi ta cikin Git, inda ake adana lambar.

Ɓangaren Python bai ba da wahala ba. Ubuntu 24.04 ba ta barin pip, mai girka kayan Python, ya girka komai a kan Python ɗin na'ura, tana cewa `externally-managed-environment`, don haka na yi `python3 -m venv` a cikin `/srv/rajista`, na girka Flask da Gunicorn, wanda ke gudanar da manhajar, da sauran a can. Gunicorn ɗin na mayar da shi hidimar systemd, mai kula da hidimomin Ubuntu, da suna rajista.

Gunicorn na ba shi ma'aikata 3, bisa lissafin da aka saba na ninka adadin ƙwaƙwalwa sau biyu a ƙara ɗaya. Wannan lamba tana da alaƙa da rumbun kai tsaye. Kowane ma'aikaci yana da nasa tarin haɗi, SQLAlchemy kuma tana ba shi 5 na dindindin da ƙarin 10 idan an matsu, wato 15. Sau uku 45 ke nan. PostgreSQL yana karɓar 100, ya keɓe wa mai gida 3. Ina cikin iyaka, amma wanda ya ɗaga ma'aikata zuwa 9 ba tare da ya sake lissafi ba ya buɗe ƙofar `too many clients already`. Na kuma kunna `pool_pre_ping`, wanda ke gwada haɗi kafin a yi amfani da shi, bayan na lura cewa duk lokacin da na sake kunna rumbun, buƙatun farko suna faɗuwa da 500, kusan ɗaya ga kowane ma'aikaci, saboda suna riƙe da haɗin da ya riga ya mutu.

Da na sa Nginx a gaba, don ya karɓi buƙatun burauza ya miƙa wa Gunicorn, `nginx -t` ya ce komai daidai, burauza kuma ta nuna 502 Bad Gateway. Abin da ya cece ni a nan shi ne bin aikin mataki-mataki maimakon canza abubuwa da ka. psql yana shiga, saboda haka rumbu lafiya. `journalctl -u rajista` ya nuna Gunicorn yana tsaye da ma'aikatansa uku. Saura Nginx, kuma a `/var/log/nginx/error.log` na ga `Permission denied` a kan soket ɗin da Nginx ke magana da Gunicorn ta cikinsa. Na ajiye shi ne a cikin `/home`, Ubuntu kuwa tun 21.04 tana ƙirƙirar foldar gida da izini 750, Nginx kuma yana aiki da asusun www-data, wanda ba shi da hanyar shiga. Ban buɗe foldar gidan ba. Na sa `RuntimeDirectory=rajista` a fayil ɗin systemd, soket ya koma `/run/rajista/rajista.sock`, na ba hidimar `Group=www-data` da `--umask 007`, na gyara `proxy_pass`, shafi ya fito. Hanya mafi sauri ta tabbatar da irin wannan zargi ita ce `sudo -u www-data ls` a kan foldar: ka tsaya a matsayin wanda aka hana, ka ga abin da yake gani.

A katangar tsaro na fara da `ufw allow OpenSSH`, sannan `ufw allow 'Nginx Full'`, sannan `ufw enable`. Jerin nan ba a juya shi, domin wanda ya kunna katanga kafin ya buɗe ƙofa 22 ta SSH yana iya kulle kansa a waje. Ƙofa 5432 ban buɗe ta ba, `listen_addresses` ma na bar shi a localhost yadda ya zo. Idan ina son duba teburi daga kwamfutata, `ssh -L 5433:127.0.0.1:5432` nake yi, in haɗa da 5433 a wurina, rumbun yana ganin kamar daga cikin gida na zo.

Gwajin ƙarshe shi ne kashe uwar garken gaba ɗaya da `reboot`. A karon farko shafi bai dawo ba, domin na tayar da hidimar da `start` ban yi mata `enable` ba. Na gyara, na ƙara `After=postgresql.service` da `Restart=on-failure`, na sake. Bayan ta tashi na rubuta Ƙofar Mata a shafin, na fitar da kwafi da `pg_dump -Fc`, na mayar da shi cikin wani sabon rumbu mai UTF8 da `pg_restore`, na nemo layin. Ƙ ɗin tana nan da lanƙwasarta.