Godiya Ga Waɗanda Suka Zauna Cikin Sanyi Suka Kalli Fina-finanmu

Assalamu alaikum.

Yau kwana huɗu da daren Asabar ɗin nan da muka yi taron nuna fina-finanmu, sai yanzu jikina ya sake har na iya zama in rubuta. Alhamdu lillahi, an yi lafiya an watse lafiya, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. 'Yan ƙungiyarmu sun ɗora mani nauyin yin godiya a madadinsu, kuma zan yi ta ba tare da kama suna ba, don yawancin waɗanda suka tallafe mu sun roƙi kada a ambace su. Kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san mu ba, mu tara ne, maza shida mata uku, duk a nan cikin Katsina. Akwai ɗalibai, akwai mai gyaran waya, akwai malamar firamare, ni kuma hoton biki nake ɗauka in ci abinci. Ba mu da furodusa, ba mu da ofis. Kyamara ɗaya gare mu, da adashi muka saye ta, sai kwamfuta ɗaya da ake tace fim a kanta, tana kwana gidan wanda layi ya zo kansa. In ɗayanmu zai ɗauki fim, sauran takwas su ne ma'aikatansa, in ya gama shi ma ya riƙe wa wani makirfo. Gayya ce irin ta gona, yau a naka gobe a nawa. Fina-finanmu gajeru ne, na gwaji. Babu jarumi, babu rawa da waƙa, wasu babu ko magana.

Ba mu muka ƙago wannan tsari ba. A farkon shekarun 1960, masu fim a birnin New York na Amurka waɗanda gidajen silima suka ƙi karɓar aikinsu sun haɗa kai, su Jonas Mekas, suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa rarraba fina-finansu da kanta. A 1966 aka kafa irinta a Landan, inda har injin wanke fim na kowa da kowa ne. Kai, ko Kannywood ɗin da muka taso muna kallo daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta faro, 'yan Tumbin Giwa na Kano da suka fitar da Turmin Danya a 1990. Su suka share mana hanya, muna kuma girmama su. Mu dai wata 'yar hanya muka ratse, muna so mu ga inda za ta ɓulla.

Saura kwana biyu a yi taron, wanda ya yi mana alkawarin ɗakin taro ya janye. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu matsa ba. Mun riga mun raba gayyata, mun karɓo aron majigi. Daren nan ban runtsa ba. Da safe mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, na ji an hana ku wuri. Tsakar gidan nan ta ɗauki bikin ɗiyana huɗu, ba za ta kasa ɗaukar majiginku ba." Hajiya, ban san da wane baki zan gode maki ba. Kin sa an kwashe turame da igiyar shanya, an ɗaure awaki a baya, an yayyafa ruwa an share. Kin dama kunun gyaɗa babbar tukunya ba wanda ya tambaye ki. Allah Ya saka maki da gidan Aljanna, Ya jiƙan Alhaji.

Mun san yadda kalmar fim take a kunnen iyayenmu, don haka ba mu yi gaban kanmu ba. Mun je wurin Mai Unguwa, ya saurare mu, ya ce a kai wa Liman ya gani tukuna. Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗauki kwamfuta muka shiga zauren Malam, gabana na faɗuwa. Na farko da muka kunna mashi shi ne na Hasumiyar Gobarau. Fim, in ka tona shi, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, 24 a daƙiƙa ɗaya, ido ya ɗauka motsi ne. Abokinmu ya kafa kyamara gaban hasumiyar tun ƙarfe 6 na safe har 6 na yamma, duk bayan daƙiƙa 30 ya ɗauki hoto ɗaya. Hotuna 1,440 ke nan, da aka jera su suka ba da minti ɗaya cif. Hasumiyar na tsaye ba ta motsi, mutane na giftawa kamar walƙiya, ita kuwa inuwarta tana janyewa daga yamma, ta tattare a gindinta, sannan ta miƙe ta yi gabas.

Malam ya ce a maimaita. Da aka zo tsakiya ya ɗaga hannu ya ce a tsayar. "Ga zawali nan," in ji shi. Ya nuna mana inda inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, ya ce nan azahar ke shiga, sannan in ƙarin ya kai tsawon abin da ya yi inuwar, la'asar ta yi. Ya ce shekara da shekaru yana karantar da wannan a littafi yana zana wa almajirai a ƙasa, bai taɓa ganin sa yana tafiya a gaban idonsa ba. Mu da muka yi fim ɗin, wallahi ba mu san abin da muka ɗauko ke nan ba. Allah Ya gafarta Malam, mun gode da izini, mun gode da karatu. Sharaɗinka na a raba wurin zaman maza da mata, a kuma fara bayan isha'i, mun cika shi.

Telan bakin layi ya haɗa mana farin yadi ƙyalle uku ya zama allo, ya yi mashi kalmasa da zariya, ya ƙi karɓar ko sisi. Masu kula da hasumiyar da suka bar mu muka wuni a wurin, 'yan sintirin unguwa da suka tsaya ƙofa, makarantar allon da ta ara mana tabarmi, maƙwabtan da suka fito da bencina, duk mun gode.

Hunturu ya sauka sosai a daren. Tun kafin a fara iska ta tsinke igiyar ƙasa ta allon, yadin ya riƙa kaɗawa kamar tuta. Wasu samari biyu, waɗanda ban taɓa gani ba, suka tashi kowa ya kama gefe ɗaya ya zauna a ƙasa. Haka suka riƙe shi har aka tashi, ba su ga fim ko ɗaya yadda ya kamata ba, sai ta gefe. Da na je ba su hannu daga baya, yatsunsu sun sandare kamar ƙanƙara. In wannan saƙo ya iso gare ku, ku neme mu, muna so mu nuna maku fina-finan ku kaɗai, a zaune.

Na uku a jeri shi ne na rijiyar Kusugu. Wanda ya yi shi uwarsa 'yar Daura ce, da labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a aka yi mashi reno. Bai nuna maciji ba, bai nuna takobi ba. Minti uku na farko allon baƙi ƙirin ne, ba ka jin komai sai igiya na gogar bakin rijiya, guga na sauka, yana sauka, har ya taɓa ruwa. Nufinsa mai kallo ya ɗanɗani abin da mai jiran ruwa ke ji. Ana cikin haka janaretanmu ya yi tari ya mutu.

A nan ne na cire rai. Na ce yanzu kowa zai kaɗe rigarsa. Mai gyaran wayarmu ya duƙa kan injin yana ja, ya ƙi tashi. Sai wani yaro ya zagaya bayan allon da fitilar waya, ya haɗa yatsunsa, zomo ya bayyana a jikin yadin yana kaɗa kunne. Wani ya bi shi da kura. Sai ga wani dattijo ya dogara sanda ya miƙe, ya gyara murya, ya shiga yi masu sharhi: ga zomo ya fito kiwo, ga kura ta hango shi, jama'a ku ga yadda mai wayo ke tsira. Tsakar gida ta ɗauki dariya, mata na tafi.

Da aka natsa ya ba mu labari. Ya ce yana yaro, zamanin Sardauna, motar majigi kan zo gari a kafa allo a fili bayan magariba, a nuna yadda ake noman auduga da tsabtar gida da rigakafi, wani mutum na tsaye da lasifika yana fassara hoton da Hausa. Ya ce yara kan zagaya bayan allo su kalla daga can, kuma rabin daɗin majigi bakin mai sharhin ne. Baba, ka riƙe mana jama'a kusan minti arba'in da bakinka kawai. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina tsaye ina kallon inuwar yaran nan sai Moustapha Alassane ya faɗo mani a rai, mutumin Nijar da aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, wanda ya daɗe zaune a Tawa. Yana cikin na farkon da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, kuma da inuwa da hasken fitila ya fara tara mutane kafin ya mallaki kyamara. Mun sha karanta wannan a kansa. Ranar muka ga yadda abin yake.

Wanda ya fitar da mu shi ne mai shayin bakin titi. Wani ya je ya faɗa mashi, ya kashe wutar teburinsa a lokacin da ciniki ya fi kankama, ya ɗauko ɗan janaretansa a ka ya kawo. Mun yi mun yi ya karɓi kuɗin mai, ya ce shi dai a bar shi ya ga abin da ake nunawa. Aka sake kunna Kusugu daga farko. Wannan karon babu wanda ya yi motsi cikin duhun, kuma da haske ya faɗo kan fuskar ruwan na ji wata a ɓangaren mata ta sauke ajiyar zuciya.

Fim na ƙarshe na malamarmu ne, minti bakwai, hannuwan kakarta kawai suna kaɗi. Ba a ganin fuska. Yatsu su dangwali alli, su murza mazari, ya yi ta juyi cikin 'yar tasa, zare na fitowa daga sili kamar ba zai ƙare ba. Da aka gama wata tsohuwa ta kira ta. Ta je ta durƙusa. "Ɗiyata, aikinki ya yi kyau, amma kin sa kaɗi gaban shiɓa. Wa ya taɓa kaɗa audugar da ba a shiɓe ba? Gurza ce farko, a fidda gurya, sannan shiɓa, sannan a naɗe sili." Malamar ta ce, "Inna, da gangan na juya su, ina so a fara da ƙarar mazari." Inna ta ce, "To ki fara da ƙarar, amma ki bar hannun ya bi hanyarsa."

Mun kwana muna tattauna wannan magana. Shawara ce ta tace fim, cikakkiya: a shigo da sauti kafin hotonsa, a bar aikin a jerinsa. Mu da ke kallon darussa a intanet ba mu hango ta ba, sai wadda ta yi shekaru tana murza mazari. Tsoron da muka shiga da shi shi ne mutanenmu ba za su gane irin wannan fim ba. Ni yanzu na daina faɗin haka, kuma ba na so in sake jin wani ɗan ƙungiyarmu ya faɗa. Abin da muka ɗauko nasu ne, sun fi mu sanin sa. Inna, mun gode, za a gyara.

Akwai waɗanda suka tashi tun a fim na biyu. Wani yayanmu ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ƙanena, wannan ai ba fim ba ne, ina labarin?" Yaya, na gode da ka faɗa mani a ido, ba ka je bayan fage ba. Fim na biyun nawa ne, na kasuwa, kuma ka yi gaskiya cewa ya yi tsawo. Zan rage shi. Batun labari kuwa ina nan kan ra'ayina, ina kuma fatan ka dawo mu ƙarasa gardamar.

Iyayenmu da suka bar 'ya'yansu mata suka yi ta zirga-zirgar wannan aiki, da matata da ta haƙura da kuɗin da ya kamata su shiga cefane suka shiga adashin kyamara, Allah Ya biya ku. Wanda ya ara mana majigi, mun mayar jiya, mun goge ƙurar.

An bar fulas ɗaya ja da takalmin yaro ƙafar hagu, suna gidan Hajiya, mai su ya je ya karɓa. Fim ɗin kaɗi za a sake tace shi cikin makon nan, Inna ce za ta fara gani kafin kowa. Muna da niyyar kai Kusugu gida Daura in Allah Ya yarda, don haka duk wanda ke da tsakar gida mai faɗi a can, kuma manyan unguwarsu suka amince, ya yi mana magana. Yadin allon yana ninke a ɗakin Hajiya. Mun je ɗauka ta ce a bar shi nan.