Wasiƙa daga Perth: a auna lodi kafin a ɗaga ƙafar mota

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makanikai da direbobin a-kori-kura na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku daga birnin Perth na Yammacin Ostireliya, inda nake aiki a wani gareji da ya keɓanta da gyaran ƙafar motocin daji, wato sifirin da shokazoba da duk abin da ke tsakanin taya da casis, ƙarfen da jikin mota ke zaune a kansa. Motocin da muke taɓawa ba baƙi ba ne a wurinku, domin Hilux ce da Land Cruiser 79, irin waɗanda ke tashi daga Agadez su nufi Dirku da Bilma. Hanyoyin dajin nan ma sun yi kama da namu. Akwai wadda ake kira Canning, mai tsawon kilomita 1,850 daga Wiluna zuwa Halls Creek, wadda ba ta da kwalta ko taku ɗaya, sai rairayi da gargada.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara aiki shi ne, idan mutum ya kawo motarsa yana son a ɗaga ta, maigidana ba ya tambayarsa tsayin da yake so. Sai ya ce ya je ya ɗora duk kayan da yake tafiya da su, da jarkokin ruwa da na mai da tayoyin safiya, sannan mu hau da motar kan sikeli, mu auna gaba daban, baya daban. Da wannan awon ake zaɓar sifirin. Motar da aka sa wa ƙarfen kariya da injin ja a goshi tana buƙatar sifirin gaba mai ƙarfi, wadda kuma ke yini babu kaya a bodi, idan aka sa mata sifirin masu ɗaukar kilo 500 kullum, za ta riƙa tsalle a gargada har tayoyin baya su daina kama ƙasa, birki kuwa ba ya aiki a tayar da ke sama.

Na san al'adarmu ta ƙara falle biyu ko uku a sifirin baya domin mota ta daina durƙusawa, ni ma na yi hakan shekaru da dama kafin na taso. Gaskiyar magana ita ce ƙarin falle yana miƙar da mota a ido ne kawai, amma bai ƙara wa casis kauri ba, bai kuma ƙara wa birki ƙarfi ba. Hilux da duk abin da ke cikinta, har da direba da mai, an ƙera ta ne kada nauyinta gaba ɗaya ya wuce tan uku da 'yan kai, kuma adadin yana rubuce a farantin da ke jikin motar. An taɓa jawo mana wata mai ƙofa huɗu wadda casis ɗinta ya lanƙwashe daidai tsakanin kai da bodi, saboda mai ita ya tara nauyi a can bayan tayoyin baya, ya taurara sifirin, sannan ya faɗa kwari da gudu. Kaya masu nauyi wurinsu gaban bodi ne, kusa da kai.

Shokazoba kuwa ba ta ɗaukar nauyi, aikinta hana sifirin lilo, kuma zafi ne ke kashe ta. A kan gargada fistin ɗinta yana hawa da sauka ba hutawa, man da ke ciki ya yi zafi ya fara kumfa, daga nan sai ka ji motar tana shawagi kamar kwalekwale. Shi ya sa masu kyau suke da jiki mai faɗi da iskar naitirojin da ke danne man, wasu ma har da ƙaramin tulu na daban mai riƙe ƙarin mai. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Bilstein suna ƙera su ne daidai da sifirin da za su yi aiki tare, don haka a sayi su biyun a haɗe. Idan aka tsaya bayan doguwar gargada, a kusantar da hannu a hankali: wadda aka ji ta yi sanyi alhali sauran suna da zafi, ta riga ta mutu.

Game da tsayi, yawancin aikinmu ba ya wuce milimita 50, wato inci biyu, domin abin da ya zarce ƙa'ida a nan sai da takardar injiniya. Hilux ta zamani ƙafafun gabanta kowace da hannayenta take, saboda haka idan aka ɗaga ta da yawa shaf ɗin gaba yana karkacewa, robarsa ta yage, taya kuma ta rasa sararin sauka cikin rami, ga shi motar ta fi saurin kifewa a kwana da lodi a sama.

Bayan an gama ɗauri, kada a matse notin bushin, wato robar da ke mahaɗin ƙarafan ƙafa, sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage da wuri. A kai ta saitin ƙafa, a gyara hasken fitila tun da goshi ya tashi, sannan a sake matse notunan da ke riƙe sifirin baya da aksul bayan tafiyar kilomita 500. Idan an shiga rairayi mai laushi a rage iskar taya zuwa wajen PSI 18 a ma'aunin iska, a rage gudu, a mayar da iskar da zarar an hau kwalta.

Ina gaishe da iyalai da yaran gareji baki ɗaya. Allah ya tsare hanya.

Naku,
ɗan'uwanku a Perth.